Ashe Laifin Falon Ne

Shekara biyu ina zargin lasifikuna. Da ganga ta buga sai falona ya cika da ƙugi, muryar mawaƙi ta nutse. Ashe ɗakin ne: bangon siminti, tayil a ƙasa, tsawonsa mita 4.

Sauti yana gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa. A ɗaki irin nawa, amo mai kauri na wajen hertz 43 yakan bugi bango ya dawo ya haɗu da kansa, ya kumbura a nan, ya mutu a can.

Amfilifayata ta Denon tana da manhajar Audyssey, da ɗan makirufonta da ban taɓa fitarwa daga kwali ba. Na kafa shi inda nake zama, daidai tsayin kunne, na kashe fanka, na lallaɓa yara suka fita. Kowace lasifika ta yi ta "cuwit, cuwit", na'urar ta auna nisanta, ta rage amon da ɗakin ke kumburawa.

Daren nan na ji kalangu tsaf, har saukar yatsa a kan fata. Amsa-kuwwar tayil kam sai da na shimfiɗa darduma mai kauri ta lafa.