Wane Ne Ferdinand Brandner?

Duk sanda aka tayar da zancen ƙera makamai a Masar, sai sunan jirgin yaƙi HA-300 ya fito. Injiniyan Ostiriya Ferdinand Brandner ne ya tsara injinsa, E-300. A da ya yi wa kamfanin Junkers na Jamus aiki, bayan yaƙin duniya na biyu Rashawa suka tafi da shi. A 1960, zamanin Gamal Abdel Nasser, ya zo masana'antar Helwan a Masar. Jirgin ya fara tashi a 1964, amma da injin Ingila. Kuɗi suka yi ƙaranci bayan yaƙin 1967, aka soke aikin a 1969.