Ina Gishiri Ya Tafi?

Zuba gishiri cokali ɗaya a ruwa, ka dama. Gishiri ya ɓace. To, ina ya tafi? Yana nan, narkewa ya yi. Ɗanɗana ka ji. In ka dafa ruwan har ya ƙone, za ka ga gishirinka a gindin tukunya. Haka mutanen Manga na ƙasar Nijar ke dafa mangul, irin wanda ake kawowa kasuwar Maigatari ran Alhamis.

Amma ruwa yana da iyaka. Lita 1 ba ta narkar da gishiri fiye da giram 360. Sauran sai ya kwanta a ƙasa.

Wannan sani yana ceton rai. In yaro yana gudawa, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. Tafasa ruwa lita 1, ka bari ya huce. Zuba sukari cokalin shayi 6, da gishiri rabin cokali, duk a shafe. Dama sosai, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a kai shi asibiti.

Ka kiyaye awo. In gishiri ya yi yawa, magani ya zama cuta. In ruwan ya kwana, zubar, haɗa sabo.