Gargaɗi Ga Masu Tsohuwar Kwamfuta a Kankiya da Kusada

Duk wanda ya bi ta Kankiya, inda hanyar Kano zuwa Katsina ta ratsa, ya leƙa shagunan masu buga takardu, ko ya shiga ofishin wata makaranta a ƙasar Kusada, da wuya ya fito bai ga wata tsohuwar kwamfuta jingine a lungu ba, an ɗora mata tarin takardu a ka, mai ita kuwa ya riga ya yanke mata hukuncin mutuwa ba tare da shaida ba. Alhali galibin waɗannan na'urori, 'yan zamanin Pentium 4 da Windows XP, waɗanda suka fito a 2000 da 2001, jinya ce kawai ta kwantar da su, yasar da abin da ke da sauran amfani kuwa almubazzaranci ne da shari'a ba ta so.

Asalin cutarsu a ƙasarmu ƙurar hunturu ce. Tun daga Nuwamba har Fabrairu fankar da ke cikin akwatin tana zuƙar iska domin ta sanyaya ƙwaƙwalwar na'urar, tana haɗawa da ƙura, har ta taru ta yi kauri kamar auduga. Idan bazara ta shigo da zafinta a Maris da Afrilu, sai ka ga kwamfuta ta yi aikin minti goma ta kashe kanta. Wannan hikima ce ta maƙeranta, don kada ta ƙone. Maganin shi ne a zare waya daga soket, a kwance murfin gefe, a share da busasshen burushi mai laushi, kada a kusanto da jiƙaƙƙen tsumma. Amma kafin hannu ya shiga ciki, wajibi ne mutum ya fara dafa ƙarfen akwatin, saboda tartsatsin nan da kan ɗan ja mutum da hunturu in ya taɓa ƙofar mota ya isa ya halaka ƙananan kayan ciki. A duba kusurwoyi kuma, domin kyankyaso da tsaka suna son ɗumin wurin, zanzaro ma, da ba ya neman izini, yakan gina ɗakinsa a kafar iska.

Idan kullum aka kunna kwamfutar sai ta manta kwanan wata, wani ɗan batir ne mai kamar kwabo, mai lamba CR2032, ya ƙare, masu gyaran agogo ma sukan sayar da irinsa. Idan kuwa ta dinga kuka ƙit-ƙit fuskarta baƙa, sau da yawa sandar ma'ajiyar wucin gadi da ake kira ram ce ta saki. A cire ta, a goge haƙoranta da magogin fensir, a mayar.

Sha'anin wuta ya fi waɗannan hatsari. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa wajen rabin haka, saboda haka tsofaffin akwatuna da yawa na gwanjo suna da wani ɗan jan maɓalli a baya, wanda idan aka bar shi a kan 115 aka jona, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi. Kada a bar kwamfutar a jone lokacin tayar da janareto, ko sa'ad da aka dawo da wuta, ko idan hadari ya haɗo ana tsawa. Mai hali ya saya mata sitabilaiza.

Abu biyu ne na hana kowa buɗewa in ba gwani ba: ƙaramin akwatin da wutar ke shiga, da allon kallo mai ƙusumbi irin na tsohon talabijin, wanda ke aiki da bolt fiye da dubu 20, yana kuma iya riƙe ragowarta bayan an zare waya. Gilashinsa na ɗauke da dalma, mu kuwa maƙwabtan Zamfara mun san ta'asar da gubar dalma ta yi a 2010, lokacin da ɗaruruwan yara suka rasu a ƙauyukan masu haƙar zinariya. Don haka kada a bar yara su fasa shi, kada a ƙyale 'yan jari-bola su ƙona wayoyinsa a bakin gida.

Saura amana. Kamfanin Microsoft ya janye kariyarsa daga Windows XP a Afrilun 2014, daga Windows 7 kuma a Janairun 2020, saboda haka shigar da irin wannan na'ura intanet, balle a rubuta mata sirrin asusun banki, ganganci ne, haka ma soka mata kowane filashi da aka zo da shi. Ta ci gaba da buga wasiƙu da jarrabawa, wannan ta iya. Sai dai faifan ajiyarta ya tsufa, ba ya kuma yin sallama in zai tafi. Malam, idan sakamakon ɗalibai ko takardun gadon marayu na cikinta, don Allah ka kwafe su wuri biyu, ka buga muhimman a takarda, tun kafin hunturun bana ya kama.