Yadda Ake Juya Bidiyon da Ya Ƙi Buɗewa

Duk lokacin Hawan Sallah da Hawan Daushe, mutane kan cika Ƙofar Fada suna ɗaukar bidiyon dawakai da wayoyinsu. Amma sau da yawa idan an tura wa kaka a ƙaramar wayarta, ko an sa a filash an jona da talabijin, sai ya ƙi buɗewa. Wasu har su goge shi, suna zaton ya lalace. To bai lalace ba, juya shi kawai za a yi.

Bidiyo iri-iri ne, kuma haruffan da ke ƙarshen sunansa su ne ke nuna irinsa. Wayar iPhone tana ɗauka da MOV, ƙananan wayoyi masu madanni da yawa sun saba da 3GP, shi kuwa MP4 kusan kowace na'ura tana gane shi. Abin kamar wasiƙa ce da aka rubuta da ajami aka miƙa wa wanda boko kaɗai ya iya. Sai an sake rubuta masa ita da boko. Shi ya sa goge MOV daga sunan a rubuta MP4 ba juyawa ba ne.

Manhajar VLC tana yin wannan aiki, kuma kyauta ce. Ɗaliban wata makarantar injiniya a Faransa ne suka fara ta a 1996. Alamarta ita ce robar nan mai tsini da ake ajiyewa a kan titi. Ga matakan a kwamfuta:

1. Buɗe VLC, ka danna Media, sannan Convert/Save.
2. Danna Add ka zaɓi bidiyon, ka sake danna Convert/Save a ƙasa.
3. A wajen Profile, zaɓi layin da ya ƙare da MP4.
4. Danna Browse, ka ba shi sabon suna da wurin ajiya.
5. Danna Start, ka jira layin ƙasa ya kai ƙarshe.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, sai an sake daga farko. Kuma kada ka goge na asali, domin juyawa takan rage kyan hoto. Ka fara kunna sabon ka ga hoto da sauti sun fito.

Wanda ba shi da kwamfuta a gida ya nemi izinin malamin kwamfuta ya gwada a makaranta. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.