Taliyar 'yan Sin da yajin Indiya a kaskon Zongo

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'ar Zongo da sauran masu sauraronmu a Kwatano da kewaye: Uwargida ran gida, amarya, har da kai gwauro mai girka wa kanka, a matso kusa da rediyo, yau shirin namu na madafa ne.

Indiya dai mun santa a fim. To yau soyayyar taliyarta mai yaji za mu ɗauko, wadda suke kira taliyar Hakka. Asalinta birnin Kalkata ne. Wajen shekarar 1778 wani ɗan kasuwa daga ƙasar Sin mai suna Tong Atchew ya sauka kusa da birnin, ya kafa masana'antar sukari. Daga baya 'yan ƙasarsu suka yi ta zuwa, cikinsu har da mutanen Hakka, waɗanda suka tare a unguwar Tangra suna sana'ar jima. Da suka fara buɗe gidajen abinci, sai suka lura Ba'indiye ba ya gamsuwa in babu yaji. Suka riƙe salon suyarsu, suka ƙara ɗanyen barkono da citta da tafarnuwa. Ɗan Zongo ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya san baƙo da harshen mai gari yake ciniki.

(Kiɗa)

Uwargida, ga inda wannan girki ya rabu da dafa-dukanmu. Dafa-duka a hankali yake nuna, ruwa na shiga jikin taliya. Wannan kuwa wuta mai ƙarfi yake so da saurin hannu, suyar duka ba ta wuce minti 5 ko 6 ba. Saboda haka kada ki ɗora kasko sai kin gama yanka komai kin jera a gabanki.

Ga kayan da za su ishi mutum 3: taliya giram 250, kwatan kabeji, karas 2, koren tattasai 1, albasa 1, lawashi, tafarnuwa ƙwaya 6, ɗanyar citta, attaruhu 2, masoro, man gyaɗa cokali 3, soya sos cokali 2, da ruwan khal cokali 1. Soya sos ruwan waken suya ne baƙi mai gishiri, ana samunsa a manyan kantuna. In ba ki samu taliyar 'yan Sin ba, sufageti siriri ya wadatar.

Ki dafa taliyar, amma ki sauke ta saura minti 2 ta nuna. Ki ɗauki sili ɗaya ki gatsa: in kin ji tsakiyarsa da ɗan tauri, daidai ke nan. Ki tsane ta a kwando, ki ɗauraye da ruwan sanyi, ki shafa mata ɗan mai, ki baza a faranti ta sha iska. Jiƙaƙƙiyar taliya in ta shiga kasko caɓewa take yi.

Kayan lambu a yanka su siri-siri, dogo-dogo, don su nuna tare. Ki fifita gawayi ya yi ja, ko ki ƙure wutar gas. Ki ɗora kasko ki zuba mai. Idan ya fara ɗan hayaƙi, ki zuba tafarnuwa da citta da attaruhu. Da ƙamshi ya tashi, albasa da karas su bi, sai kabeji da tattasai. Minti 2 kacal, hannu kada ya tsaya. Kabejin ya rusuna amma ya rage garas-garas. In kin ji kasko ya daina cuwwa ya koma ɓararraka, kaya sun yi masa yawa, ki raba suyar biyu.

Sai taliya. Ki zuba soya sos da ruwan khal ta gefen kasko inda ya fi zafi, ki barbaɗa masoro, ki riƙa ɗagawa da cokali biyu har kowane sili ya yi launin ƙasa-ƙasa. Lawashi a ƙarshe, sai saukewa.

Mai son ƙari, soyayyen wagashi ya dace da ita, haka awara, ko ƙwai, ko ragowar tsire a yayyanka. A kula dai, soya sos gishiri ne da kansa. A ɗanɗana kafin a ƙara gishiri ko dunƙule, musamman gidan da ke da mai hawan jini.

(Kiɗa)

To Hajiya, a gwada wannan a ƙarshen mako, a kuma ci da zafinta, domin in ta huce daɗin ya ragu. In yara za su ci, a rage attaruhu.