Fatsar Gashin Kaza: Yadda Ake Zaɓen Kayanta

Yawancinmu mun san fatsa tun muna yara. A samo gora, a ɗaura zare da ƙugiya, a soka tana ko fara, a jefa cikin ruwa a jira. Amma akwai wata irin fatsa wadda ba a sa mata abinci ko kaɗan. Ana naɗa wa ƙugiya gashin kaza da zare har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi, kifi ya zaci abinci ne ya cafke. Masu kamun kifi a Amurka suna amfani da ita ƙwarai a kogunansu domin kama wani kifi da suke kira bass. A wannan fitowa za mu duba yadda suke zaɓen kayanta, gama a can ma sabon shiga yakan zuba kuɗinsa a kan sanda mai tsada, ya koma gida hannu wofi. Waɗanda suka daɗe a aikin kuwa daga bakin kifin suke fara lissafi.

Me kifin yake ci?

Bass na kogi, wanda suke ce wa mai ƙaramin baki, asalinsa daga gabashin Amurka ta Arewa ne. Yana son ruwa garau mai gudu, inda akwai duwatsu da tsakuwa. Ba ƙato ba ne. Yawancin waɗanda ake kamawa a kogi ba su wuce kilo 1 ba, mafi girma kuwa da aka rubuta, wanda aka kama a tafkin Dale Hollow a 1955, kilo 5.4 ne. Mafarauci ne kamar giwan ruwa. Yakan laɓe a bayan dutse yana jiran abin da ruwa zai kawo masa: ƙananan kifaye, jatan lande na ruwan daɗi, kwaɗi, da tsutsotsin da ke ƙarƙashin duwatsu.

Saboda haka ƙugiya iri uku sun isa a fara da su. Ta farko tana kwaikwayon ɗan kifi. Wani mai shagon kayan fatsa a jihar Pennsylvania, Bob Clouser, shi ya ƙirƙiro ta a 1987 domin kogin Susquehanna. Ya yi ta da gashin wutsiyar barewa, ya ɗaura mata idanu biyu na dalma. Dabarar tana cikin idanun nan. Nauyinsu yana nutsar da ƙugiyar, yana kuma juya ta yadda tsininta zai dubi sama, don haka ba ta cika maƙalewa a duwatsu ba. In an ja zare ta taso, in an saki ta duƙa, kamar ɗan kifin da ya ji ciwo. Ta biyu, wadda Russell Blessing ya fara ɗaurawa a 1967 a wannan jiha, tana da wutsiya ta gashin talotalo mai laushi, an kuma naɗe jikinta da gashin wuyan zakara. A cikin ruwa tana motsi kamar tsutsa. Ta uku ba ta nutsewa, gama kanta na soso ne. In an fizge ta sai ta yi ƙara a kan ruwa kamar kwaɗo ya faɗo. An fi amfani da ita da sassafe da kuma yamma, lokacin zafi.

Igiya kafin sanda

A fatsarmu ta gida, nauyin dalma ko na abincin shi ke jan zare zuwa tsakiyar ruwa. Ƙugiyar gashi kuwa ba ta da nauyin kirki. Saboda haka igiyar ce aka yi da kauri da nauyi, an lulluɓe ta da roba, ana kaɗa ta gaba da baya kamar bulala, ita kuma ta kai ƙugiyar inda ake so. Tun 1961 masu yin waɗannan igiyoyi suka shirya ba su lamba bisa nauyin mita 9 na farko. Lamba 6 wajen giram 10 ce, lamba 8 kuwa ta kusa giram 14. Ƙugiyoyin bass manya ne, iska tana tare su, shi ya sa ake zaɓen lamba 6 zuwa 8. A kogin da ba shi da zurfi sosai, igiya mai yawo a kan ruwa ta wadatar.

Sai bayan an san lambar igiya ake sayen sanda, gama kowace sanda an rubuta mata lambar igiyar da ta dace da ita. Tsawon da aka saba shi ne ƙafa 9, wato mita 2.7. Tsakanin igiya da ƙugiya ana ƙulla siririn zaren nailan, wajen mita 2 da rabi, wanda zai ɗauki kilo 4 ko 5 bai tsinke ba. Ƙwarƙwaron naɗe igiya kuwa, a ganinmu nan ne ba sai an kashe kuɗi ba. Bass ba ya gudu da nisa, da hannu ma ake jawo shi. Hula da tabarau sun fi shi muhimmanci, domin ƙugiyar da ke shawagi kusa da fuska tana iya tsone ido.

Kunnen ƙugiya

Da yawa daga cikinsu sukan danne kunnen ƙugiya da filaya, domin a cire ta da sauƙi a mai da kifin ruwa da rai. Wannan zai ba masuncin da ke ciyar da iyali da kamunsa mamaki, amma akwai dalili. A 2005 an ga 'ya'yan bass suna mutuwa da yawa a Susquehanna saboda cuta, manya suka yi ta raguwa. A 2011 hukumar kula da kifi ta jihar ta ba da umurni cewa duk bass da aka kama a wani babban sashe na kogin a sake shi nan take. Akwai kuma zancen ƙwai. Namijin bass ne ke share gurbi a tsakuwa, ya tsaya gadin ƙwan da 'ya'yan. In an ɗauke shi, ko na ɗan lokaci ne, ƙananan kifaye sukan afka wa gurbin su cinye.

Kusa da mu

Wannan fatsa ta iso ƙasashenmu. A kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, baƙi masu yawon buɗe ido suna kama giwan ruwa da ita da dare. Lissafin ɗaya ne, sai dai kifin ya fi girma nesa, don haka igiya da sanda lamba 12 suke riƙewa, ƙugiyar kuma takan kai tsawon tafin hannu. In tsage ake nema, dole a sa ɗan guntun waya kafin ƙugiya, in ba haka ba haƙoransa za su datse nailan.

Ba mu ce kowa ya nemi sandar Amurka ba. Ƙugiya, zaren ɗinki da gashin zakara kuwa suna nan a kowane ƙauye. Wanda yake so ya gwada da gorarsa, sai ya ɗaura ɗan toto ko ƙaramar dalma kamu biyu sama da ƙugiyar domin ta jefu. Kada ya bar ta tsaye kamar mai tana. Ya riƙa janta kaɗan kaɗan, yana tsayawa, kusa da dutse ko kututturen da ya faɗa cikin ruwa.