Ko Kun Sani? Lasifikar BBC da Ta Ƙi Tsufa

Ko kun san cewa ɗaya daga cikin ƙananan lasifikun da masu sha'awar sauti suke rububi a kansu ba don falo aka ƙera ta ba? Injiniyoyin BBC ne suka tsara LS3/5A a shekarun 1970, domin tantance sauti cikin ƙuntatattun motocin watsa shirye-shirye. Tsayinta kusan santimita 30 ne kacal, amma muryar mutum tana fitowa daga cikinta rangaɗau.

Kamfanin KEF, wanda ya samar da kayan cikinta, ya fitar da tasa ƙaramar lasifikar mai suna LS50 a 2012. Sabuwar ta fi ƙarfin amo da fito da kaurin ganga. Tsohuwar kuwa, in dai sauraron magana ko waƙa ne a ƙaramin ɗaki, har yanzu da wuya a kayar da ita.